Motar da Ba Ta Iya Gaisuwa Ba

A gidanmu na Sabon Gida, idan an gama girbi gero ya shiga rumbu, sanyi kuma ya fara cizon ƙafa, Kaka Zali takan sa mu kwaso kara mu hura wuta a ƙofar ɗakinta da zarar an kwashe kwanonin tuwo. Mu jikokinta sai mu zagaye wutar, kowa da ƴar gyaɗarsa yana turawa cikin toka. Ni nake zama kusa da ita, don ni ne mijinta na wasa. Takan jawo ni ta ce, "Matso, maigida, kar sanyi shi kashe min kai in yi takaba sau biyu."

A bayan ɗakin nata akwai wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. An ɗora ta a kan duwatsu, tayoyinta tuni an yanka an yi takalma, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Ta kakanmu Sahabi ce, wanda ya rasu tun ban yi wayo ba. Tatsuniyoyin kura da zomo Kaka tana da su buhu-buhu, amma wadda muka fi naci a kanta ita ce ta motar nan. Sai mun roƙa mun gaji, sannan ta nuna bayan ɗaki da haɓa ta ce, "Waccan gawar? Ai ita tag kusa kashe min aure. To ku yi shiru, wanda yay yi dariya tun ba a zo wurin dariya ba, ba ni ƙarasawa."

Ba ta taɓa faɗin sunan kakanmu ba, sai dai ta ce "mai bashe". Ta ce lokacin tana amarya, shi ke jigilar mutane da buhunan wake tsakanin Madawa da Buza ranakun kasuwa. Motar tana gudu, ba a ce ba ta gudu ba, amma ciwo biyu gare ta. Na farko, tukunyar da ke haɗa mata mai da iska, wato karbirata, tana yoyo. Duk inda ta kwana sai ka ga ƙasa ta jiƙe, rigunan mai bashe kuwa warin isansi, wato fetur, har cikin tuwo. Na biyu, ba ta da ralanti. Mota mai lafiya idan ta tsaya takan ci gaba da kaɗawa a hankali, ita kuwa wannan da an ɗaga ƙafa daga wuta sai ta yi tari biyu ta mutu. Batir ɗinta ya daɗe da rasuwa, idan ta mutu sai turi. Shi ya sa kakanmu ba ya tsayawa sai a kan gangare, kuma ya san kowane tudu daga Madawa har Buza.

Wata ranar kasuwa ya ɗauko kaya, ya shigo rairayin wata busasshiyar ƙorama kusa da Tama, inda idan mota ta mutu ko mutum ashirin sai sun ji jiki. Can tsakiyar rairayin sai ga tsoho Nomau, mahaifin Kaka, yana tafe a ƙasa da jakinsa. Tsoho ya gane motar surukinsa, ya ja jaki gefe, ya gyara tsayuwa yana jiran a sauko a gaishe shi. Kakanmu ya dubi rairayi, ya dubi suruki, ya ɗaga hannu ɗaya ta taga, ya wuce fuuu! A gaban mutane ashirin da ke bayan mota, kuma rabinsu ƴan garin tsoho ne.

"Hannu hwa!" Kaka takan ce, tana ɗaga nata hannun. "Baba da hurhurarshi, a ɗaga mashi hannu kamar mai koran tsuntsu a gona!"

Kwana biyu aka aiko aka tafi da ita gida. Babu faɗa, babu zagi, cewa kawai aka yi babanta yana nemanta, kuma ta taho da tabarmarta. A lokacin tana ɗauke da cikin babanmu, wanda shi ma ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne. Kakanmu ba shi da bakin zuwa ya yi bayani, suruki ba ya musu da suruki. Sai ya tura kawunsa da goro, ya je ya ce wallahi ba raini ba ne, motar ce ba ta iya tsayuwa. Tsoho Nomau ya saurara har ƙarshe, ya mayar da goron, ya ce, "To, tunda mota ab ba ta da ladabi, shi koya mata. Ran Juma'a ta sama shi kawo ta ƙohwar gidana, ta tsaya tana numhwashi, shi sauko shi gaishe ni har mu ƙare. In ta mutu, ɗiyata ta zamna gida, ba ni ba da ita ga wanda ƙarhe ka juyawa." Ƙofar gidan tsoho kuwa rairayi ce zalla, ko alamar gangare babu.

Daga nan Kaka takan shiga ba mu labarin gyara dalla-dalla, ita da ba ta taɓa leƙa cikin inji ba. Ta ce shekara talatin tana jin labarin daga bakin mai shi, ko kurma ce ai ta haddace. Da farko kakanmu ya murɗa ƴar ƙusar ralanti ya ƙara wa motar wuta. Sai ta tsaya tana ihu kamar za ta tashi sama, mai yana tsiyaya ta gefen karbirata, can kuma ta shaƙe ta mutu. Ya kwaɓa sabulu ya liƙe inda yake ganin ɗigo, dabarar da direbobi ke yi wa tanki a daji. Yoyon ya bar nan ya ɓullo ta can. Ya ce to takardar da ke tsakanin murfi da tukunya ce ta ruɓe. Ya samo kwalin sukari, ya ɗora murfin a kai ya zana, ya yanka da reza, ya ɗaure. Ya yi kyau a ido, amma da gari ya waye ƙasa ta sake jiƙewa. Kwana huɗu suka tafi a haka, bai je kasuwa ba, bai aske gemu ba.

A rana ta biyar ya kwance tukunyar gaba ɗaya ya shimfiɗa kayan cikinta a kan faifai. A ciki akwai wani ɗan gwangwanin tagulla, wai shi filota. Kaka takan ce kamar ƴar ƙwaryar da ake jefawa a bakin tulu yake, yana iyo a kan mai, idan tukunya ta cika sai ya taso ya toshe hanya. Kakanmu ya ɗauke shi zai goge, sai ya ji nauyi. Ya kai kunne ya girgiza, ya ji cakal-cakal. Ashe ya huje ya sha mai ya nutse, shi ya sa mai ke ta kwarara ba mai tsayar da shi, har ya shaƙe motar ya malalo waje. Duk kwanakin nan yana ta liƙe waje, ɓarnar tana ciki. Ya tsoma shi a ruwan zafi don ya ga inda kumfa ke fita, ya ga hujin bai fi bakin allura ba. Ya shanya shi a rana har man ya ƙafe, ya kai wa mai liƙin butoci a kasuwar Madawa, aka ɗiga masa dalma. Ya kuma ciro ƴar ƙusa mai huji da ralanti ke shan mai ta cikinta, ya duba ta a hasken rana bai ga haske ba. Ya sa baki ya hura har ido ya yi ja, sai ga ƙwayar rairayi ta faɗo a tafin hannunsa.

Da ya haɗa aka tura, ya ɗaga ƙafa a hankali yana salati. A nan Kaka takan kumbura kumatu ta yi mana kukan motar: "Tuf-tuf-tuf-tuf." Mu duka sai mu kama, har mahaifiyata ta leƙo daga madafa ta ce mu bar mutane su ji kiran isha.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gari ya taru a ƙofar gidan tsoho Nomau, don labari ya riga mota isowa. Kaka tana bayan zana, ta yi ƴar kafa da yatsa tana leƙe. Mota ta iso ta tsaya a cikin rairayi tana tuf-tuf. Kakanmu ya sauko, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa ya sunkuyar da kai, motar tana bayansa. Tsoho yana zaune a kan buzunsa, ya fara. Ina gajiya? Ina gida? Ina tsohuwarka? Ina ƙafarta da ke ciwo? Ina kawunka? Ina geron bana, ina dawa, ina wake? Ina bisashe? Akuyar nan mai baƙin kunne ta haihu? Ya tambayi mutanen Sabon Gida gida-gida, har da waɗanda suka daɗe da komawa garin Urno. Da ya kai ƙarshe sai ya ɓare goro, ya tauna a natse, ya sake komawa kan ina gajiya.

"Ni ko ina nan bayan zana," in ji Kaka, "ba gaisuwar nike saurare ba, mota nike saurare. In ta yi tuf, zuciyata ta yi tuf. Sai nij ji ta hwara tari."

Tari ɗaya, tari biyu, sai shiru. Motar ta mutu. Wata mata ta ce wayyo, samari suka fara ƙus-ƙus, duk taron ya juya yana kallon mota. Kaka ta zauna a ƙasa tana kuka, ta ce shi ke nan, ɗan da ke cikinta a gidan babanta zai tashi. Mutum ɗaya ne bai waiga ba a wurin nan. Kakanmu yana durƙushe yadda yake, kansa a ƙasa, ko kafaɗarsa ba ta motsa ba. Tsoho ya tambaye shi ina rijiyar unguwarsu, ya amsa da cewa ruwa ya yi ƙasa amma ana sha, da murya irin ta ɗazu.

Tsoho Nomau ya dube shi. Ya ƙara tambaya biyu, aka amsa masa. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ke Zali, ɗauko tabarmarki." Ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya je bayan mota ya kafa kafaɗa, ya ce wa samarin, "Kun tsaya kallo? Ku kama muna!"

Mu kuwa sai mu yi caa, mu ce ai ta mutu, Kaka, ai an ce in ta mutu ba za a ba da ke ba. Sai ta kwashe da dariya har tana share ido da bakin zane. "An hwaɗa ma Baba haka nan. Yac ce shi bai ji ta mutu ba, kunnenshi ya yi nauyi. Baban da ka jin ɓera cikin rumbun maƙwabta!" Daga nan ta kore mu, ta ce kowa ya kwashe ɓawon gyaɗarsa, tatsuniya ta shige toka.

Na girma na zama direba, ina jan motar albasa, kuma na kwance karbirata ba adadi. Har na gane abin da ya kashe motar ran nan. Mai liƙin butoci ya cika dalma, filota ya yi nauyi, in aka daɗe a tsaye dole mai ya yi yawa ta shaƙe. Shekaru ina ba abokan aikina labarin a matsayin darasin gyara, ina ce musu a duba ciki kafin a liƙe waje. Tsoho Nomau kuwa na ɗauke shi mai neman fitina kawai.

Ganina na ƙarshe da Kaka, na biyo ta Sabon Gida da lodi, ina sauri in kai Madawa kafin la'asar. Na tsaya a ƙofar gida ban kashe inji ba, na shiga na durƙusa a gabanta. Idanunta sun riga sun tafi a lokacin. Ta riƙe hannuna ta fara tambaya, ina matata, ina yara, kowanne da sunansa, ina haƙorin ƙaramar da ke fitowa. Ina amsawa, amma sau biyu ina juya kai wajen ƙofa. Ba ta gani, sai dai ta ji muryata tana kaucewa. Ta saki hannuna, ta ɗan buga min gwiwa ta ce, "Tahi, maigida. Motarka tana kiranka." Na yi dariya na ce zan dawo in kwana biyu. Kafin in dawo aka yi min waya cewa ta rasu.

Har yau abin yana ci mini rai. Kakanmu motar da aurensa ya rataya a kanta ce ta mutu a bayansa, a gaban gari guda, bai juya kai ba don yana gaban babba. Ni motata lafiyarta ƙalau, da murɗa makulli ɗaya take tashi, ba rairayi, ba mai tura ni, albasa kuma ba za ta ruɓe a rabin awa ba. Tambaya nawa ta rage mata, ban sani ba. Ban tsaya na ji ba.