Mavshi Girija, wadda ba ta taɓa kurɓar giyar da ta ceta ba

Kafin motar ma'aikata ta iso gonar inabin Vilasrao Saheb da ke bayan Dindori, Mavshi Girija, wato Inna Girija a harshenmu, ta riga ta hura wuta. Shekara ashirin da shida ke nan haka take. Ta kwaɓa garin dawa, ta riƙa faɗaɗa gurasar bhakri da tafin hannu tana jefawa a kasko, ta daka ɗanyen barkono da gyaɗa da gishiri a turmin dutse har sai duk wanda ya gifta ƙofar madafin ya yi atishawa. In ta gama sai ta goge hannu a gefen sarinta ta gangara gindin tudu, wajen eka biyun nan na inabin Shenin, ta bi layi-layi tana taɓa ganye. In da 'ya'ya ta tsinki ƙwaya ɗaya ta tauna. In babu, ta gaishe su kawai ta dawo.

Ni ne Hemant, mai zuba wa baƙi giya a ɗakin ɗanɗano. Shekarata sha huɗu a nan, kuma ina rubuta wannan ne saboda haushi. Mujallu sun zo sun ɗauki hoton gangunanmu, sun ɗauki na mai gida, har karen gidan sun ɗauka, amma ba wanda ya taɓa leƙa madafi. To ni zan leƙa muku.

Giyarmu kala huɗu ce. Akwai ja ta inabin Shiraz mai nauyi a baki, akwai mai ruwan hoda ta Zinfandel, sai farare biyu: Sobinyo mai tsami, da Shenin mai ɗan zaƙi-zaƙi. Ko ɗaya Mavshi ba ta san ɗanɗanonta ba. Tana da carbin tulsi a wuya, irin na masu tattakin ibada zuwa Pandharpur, kuma wanda ya rataya shi ya yi rantsuwar ba shi ba nama, ba shi ba giya har mutuwa. Abincin ma'aikatan gona aka ɗauke ta dafawa, iyakarta ke nan.

Shekara tara da suka wuce Ketan Dada, ɗan mai gida, ya dawo daga karatu a ƙasar waje da wata takarda mai ƙyalli: wannan giya da cuku kaza, waccan da zaitun, waccan da biskit mara gishiri. Muka bi takarda sau da ƙafa. Sauran giyoyin suka lallaɓa, amma Shenin ta ƙi tafiya. Baƙin Mumbai su kurɓa, su ciji cuku, su yamutsa fuska. Wani ma cewa ya yi, "Wannan ai ruwan alewa ne." Kwalabe suka taru har saman rufi. Ketan Dada ya ce da an gama tsinkar bana za a sa tarakta a tumɓuke eka biyun a dasa Shiraz.

Marigayi Dagadu Kaka, mijin Mavshi, shi ya yi wa itatuwan nan aure da wuƙarsa, ɗaya bayan ɗaya, shekara guda kafin ya rasu. Ba su haihu ba, ba su da gona. Abin da ya bar mata a duniya wanda ke numfashi, shi ke nan.

Wata ranar Alhamis sai ga ta tsaye a ƙofar ɗakin ɗanɗano, inda ba ta taɓa takawa ba.

"Hemya, zuba min wadda za su kashe ɗin."

Na ce, "Haba Mavshi! Da tulsi a wuyanki?"

"Wa ya ce maka sha zan yi, mai kan kwakwa? Bakina ne ya yi rantsuwa, hancina bai yi ba."

Na zuba. Ta riƙe kofin nesa da jikinta kamar mai riƙe da kunama, ta kawo hanci, ta rufe ido. Can ta ce, "Gwaiba ce wannan. Nunanniya, da ɗan zuma. Me kuke ba mutane su ci da ita?"

Na nuna mata farantin cuku. Kallon da ta yi min har yau ina jin sa a ƙeyata.

"A gidanku da cuku ake cin gwaiba? Ko yaron goye a garin nan ya san gishiri da barkono ake barbaɗa mata."

Ba zan ɓoye ba, dariya na yi mata. Na ce mutanen da suka zo a motar miliyoyi zan ajiye wa bhakri da barkono, abincin leburori? A kore ni? Ta ce, "To zauna da tsoronka," ta fita.

Ranar Asabar ɗaki ya cika, Ketan Dada na tsaye yana bayani da Turanci, sai ga Mavshi da faifai a ka. Ba sallama ba neman izini, ta dire bhakri mai zafi da dakakken barkononta a tsakiyar teburin, ta ture cukun gefe. Ketan Dada ya ce, "Mavshi, lafiya?" cikin muryar nan ta mai son ƙasa ta tsage. Ta ce, "Lafiya lau, Dada. Baƙinka na ga yunwa a idonsu."

Wata mata mai ƙaton tabarau ta gutsuri gurasar, ta dangwali barkonon da yawa. Nan take hawaye ya zubo, ta rarumi kofin da ke kusa ta kurɓa, kuma Shenin ce a ciki. Ta sake gutsura, ta sake kurɓa. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Malam, canza min ka yi? Ba wannan ce ta ɗazu ba." Ita ce, ko ɗigo ban ƙara ba. Zaƙin ya kwantar da yajin, yajin ya taso da gwaibar. Kafin la'asar faifan ya koma fanko, ni kuma ina ta jidar kwalabe zuwa bayan motoci.

Ketan Dada ya gwada da kansa bayan baƙi sun watse. Ya daɗe yana tauna. Ya ce, "Shekara ɗaya zan ƙara musu." Yau tara, tarakta ba ta je gindin tudu ba.

Ke ce, Mavshi, kika shinshini Shiraz kika ce hayaƙin itace take yi, a gasa mata yalo a garwashi a dama da albasa. Ke ce kika haɗa mai ruwan hoda da ƙosan albasa ranar da ruwan sama ya tsare baƙi. Mai hancin da ya fi takarda, ke kika koya mana kada mu ji kunyar tukunyar gidanmu. Na yi miki dariya, kika rama da ciyar da ni shekara tara. Ki yafe min, kuma na gode.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Gwiwoyi sun fara ƙara, kuma tana so in damina ta sauka ta taka zuwa Pandharpur da ƙafarta tun suna yarda. Ta riga ta damƙa turmin ga Sulabha Tai, wadda ta shekara uku tana shan faɗa a gefenta. Ku masu gidajen inabi, da ku masu kowace irin sana'a, ku riƙa tambayar na madafi da na gona. Ku kuma na madafin, in kun san abu, ku ɗauko faifanku ku shigo kamar yadda ta yi.

Jiya muka yi mata walimar sallama a ƙarƙashin rumfar inabi. Tun watan jiya Ketan Dada ya so ya sa sunanta a kwalbar Shenin ta bana, ta ce, "Sunana a kwalbar giya, ni mai tulsi? Sa na Dagadu. Shi bai yi rantsuwa ba, har ya so ya wuce gona da iri." Aka kuwa sa. Na buɗe ta farko na miƙa mata kofin. Ta shinshina ta ce, "Bana gwaibar ba ta gama nuna ba. Sulabha, ki rage barkono."

Sannan ta ajiye kofin ta ɗauki kwalbar. Mavshi ba ta iya karatu ba, amma ta san zanen sunan mijinta. Ta ɗora babban yatsa a kai tana shafawa a hankali, ta juya ta fuskanci gindin tudu ta ce, "Ka gani ko, tsoho? Itatuwanka suna nan."