Ranar da Injin Kawu Ya Sha Man Bini-da-zugu

Ko da zan manta da duk abin da na koyar a aji, ba zan manta da ranar da na tara jama'a a Bungudu don su ga na haɗa man gas, sai na ɓuge da haɗa musu sabulu ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin da wahalar mai ta kai intaha. Ina malamin kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Gusau, ina zaune a Tudun Wada, kuma a lokacin ji nake babu abin da ban sani ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da injin niƙa a Bungudu, da shi yake ciyar da gidansa. Gas ya ɓace, injin ya yi makonni a kwance, matan unguwa suka koma daka. Ganin Kawu zaune a bakin shago yana korar ƙuda ya tsaya mini a rai.

Na taɓa karanta cewa man tsirrai yana iya tuƙa inji idan an rage masa kauri. Ana narka soda a cikin wani sinadari mai suna metanol, a zuba a mai, a yi ta juyawa. Daga baya sai ya rabu biyu: dunƙule mai nauyi ya kwanta ƙasa, mai tsinkakke ya taso sama. Man gyada ya fi ƙarfin a ƙona shi, don haka na nemi waɗanda ba a ci. Man zurma ya cika yauƙi, ko an sarrafa shi da kyar yake gudu. Na dogonyaro ga wari, ga yawan asid. Amma na bini-da-zugu, wannan shukar da ake shinge da ita saboda dabbobi ba sa cinta, ƙirarsa ta yi kusa da ta man gyada. Na matse 'yan ƙwayoyi a ɗakin gwaji, ya rabu biyu tsaf a cikin kwalba. Wallahi sai da na yi tsalle ni kaɗai.

Matsalar ita ce samun mai da yawa. Na hau mota zuwa 'Yankuzo wajen Inna, yayar su Kawu, wadda ta tsufa a sana'ar ƙuli-ƙuli da sabulu. Na tsaya ina yi mata lacca cewa 'ya'yan nan guba ne, kada a sake girki da turmi ko tukunyar da suka taɓa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce tun ba a haife ni ba suke tsire su a kara suna kunnawa kamar fitila. Ta matse mini jarka guda yadda take matse gyada, ta kuma ce za ta biyo ni ta ga ikon Allah.

A Bungudu kuwa ni da bakina na yi shela. Mutane suka kewaye ni, na zuba haɗina a cikin roba ina juyawa da sanda, ina bayani da ƙarfi. Sai sandar ta fara nauyi. Kafin ka ce me, abin ya kame kamar talgen da ya sha gari. Inna ta matso, ta lakato, ta zuba ruwa ta murza a tafin hannu, kumfa ta tashi.

"Malam, wanga ai sabulu na," in ji ta. "Da shi kaka so, da ka hwaɗa min tun can gida."

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Kawu kaɗai bai yi ba, injinsa yake kallo.

Da aka watse, Inna ta tambaye ni me na zuba. Ina ambaton soda ta riƙe baki. Ta ce mai da ruwa da soda ai sabulu ke nan a ko'ina, kuma ita da ruwan zafi take matse mai, ba a rasa saura a ciki. Ta ƙara da cewa ta haɗa da tsofaffin 'ya'yan da ta tsinta a ƙasa, waɗanda mansu ya fi saurin kamawa. Wato asid ɗin da na karanta a littafi, ita a hannu ta san shi. Ni da na matse nawa a bushe, ban taɓa tambayarta yadda take yi ba.

Mako na zagayowa ta kawo man sababbin ƙwayoyi. Ta ɗora shi a wuta ta ce in saurara, sai ya daina tsartsatsi sannan ruwan ya fita. Ya huce, na haɗa, wannan karon ba ɗan kallo ko ɗaya. Da safe muka tarar ya rabu biyu, na sama garau kamar zuma mai ruwa. Na wanke shi, Inna ta sake ƙone ruwan, muka tace da ƙyalle.

Kawu ya daɗe riƙe da galan ɗin. Ya ce in abin nan ya toshe masa nozul mai fesa wa injin mai, babu inda zai samo wata, ya tashi daga aiki ke nan. Ni kuwa ban da tabbacin da zan ba shi.

"Zuba," in ji Inna. "Da kunnena na ji man ya yi shiru a wuta."

Ya yi bisimilla ya zuba, ya kama hannun injin ya wana. Tari ɗaya, tari biyu, sai ƙara ta cika unguwa! Hayaƙin ma ƙamshin suya yake yi. Na rungume Kawu ina ihu kamar ba malami ba. Kafin azahar kwanukan dawa sun yi layi har bakin hanya.

Ba mu yi arziki da shi ba, metanol ɗina ya ƙare bayan 'yan makonni, gas ma ya dawo. Amma injin bai mutu ba, gidan Kawu ya ci abinci. Tun daga ranar, duk aikin da zan taɓa sai na fara tambayar wanda hannunsa ya daɗe a ciki. Sabulun kuwa Inna ta yanka shi ta tafi da shi, ta ce shi ne abu na farko mai amfani da bokona ya yi mata.