Hafsat na koyon faɗuwa

Jiya na dawo daga cefane a Stockport Road, a nan Turai inda muke zaune, na tarar da 'yata Hafsat tana faɗowa daga kan kujera da gangan. Ta tashi, ta sake.

Na ce, "Ke, lafiya, ko mu kira GP, likita ya duba ki?"

Ta nuna min wata Baturiya a waya, 'yar wasan barkwanci ta zamanin da fim ba ya magana. Aikinta zamewa da shan fulawa a fuska. Wai ita ce gwanarta, har za ta ajiye karatun pharmacy ta bi sahunta.

"Mama, ita fa take ba maza umarni wurin ɗaukar fim."

"To da ta tsufa, wa ya riƙe ta?"

Ta dudduba wayar, ta ce ba a rubuta ba.

Council, wato ƙaramar hukumar nan, na ta sallamar ma'aikata, masu digiri na zaune a gida, ita kuma wannan ta zaɓa. Na ce kafin ta bar jami'a, ta kira kakarta a Kano ta yi mata bayanin sana'ar da bakinta. Har yanzu ba ta kira ba.

Iyaye mata, ku faɗa min: na yi tsauri, ko dai na makara?