Salah Bafazzane Bai Dawo Gure Ba

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Salah Bafazzane, mijin yayata Zara. Na ce bana, amma ban san watan ba, balle ranar. Wanda ya kawo mana labari ya ce cikin bazara ne. Tun daga nan, duk shekara in zafi ya tsananta a Gure nakan sa a dama fura a raba, in ce ta Salah ce.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne rediyo. Kullum ana faɗin wata babbar ƙasa ta ƙulla ƙawancen tsaro da wata, Amirka da nata mutane, Rasha da nata, kowa na cewa don a zauna lafiya ne. Ina ji, ba na jin haushi, ba na jin daɗi. Na taɓa fassara irin wannan magana da bakina, a tsakiyar shekarun 1930, lokacin ina tafinta a barikin Nasara. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, na iya Faransanci da Barbarci da ɗan Larabci, shekaruna ashirin da ɗoriya, kuma ina ganin na san duniya.

Salah ya iso garinmu ne a shekarar da sojan Italiya suka ci Fazzan, ƙasarsu, can arewa bayan Bilma. Ya biyo ayarin gishiri, a ƙasa, tafin ƙafarsa duk ya tsage. Ya baro tsohuwarsa a Gatrun, don ta ce ba ta barin kabarin mijinta. Aikin da ya iya shi ne dabino. Ya sami gurbi a wani kwari kusa da gari, yana hawa itace da furen namiji a baki yana sa wa macen. Mutane suka yi ta dariya, suna cewa Balarabe na ɗaura wa dabino aure. Da aka ga nunan shekarar, masu dariyar suka fara aiko masa da goro.

Zara bazawara ce a lokacin, ita da kanta ta ce tana son shi. Hausarsa ba ta taɓa miƙewa ba, mace ya ce mata “kai”, namiji ya ce masa “ke”. Ni kuma ƙanin matarsa ne, akwai wasa tsakaninmu, ba ya kirana Isufu sai “Kunnen Nasara”.

Yana shekara ta biyar a Gure sai labari ya zo cewa Faransa da Italiya sun yi abota. Manyansu sun zauna a Turai, sun daidaita kan iyakar hamada, sun yi alkawarin tsaya wa juna. Kumandan na lokacin ya tara mutanen Fazzan da ke yankin a gaban biro, ofishinsa, yana faɗa ina juyawa: hanya ta buɗe, wanda ke son zuwa gida za a ba shi takardar wucewa, ya je ya dawo, ba mai taɓa shi.

Bayan la'asar Salah ya same ni a ƙofar gida da takardar a hannu.

“Kunnen Nasara, karanta mini.”

Na karanta masa.

“Ba abin da ke rubuce nake tambaya ba,” ya ce. “Ke kin san cikinsu. Wannan abota ta kwana nawa ce?”

Na ce, “Yaya Salah, wannan ba maganar kasuwa ba ce. Manyan ƙasa biyu ne suka sa hannu. Ga hatimi.”

“Tsohuwa kawai zan ɗauko. Wata huɗu, in Allah ya so.”

“To, ka tafi. In ka bari ta ƙara tsufa, raƙumi ba zai hawu gare ta ba.”

Haka na ce masa. Ba wanda ya sa ni. Na gaskata abin da na faɗa.

Ya bi ayarin bayan kaka. Zara na da ciki wata uku. Bai ma kai Bilma ba Italiya ta faɗa wa Habasha da yaƙi. Ingila ta nuna fushi, Faransa kuwa ba ta iya rabuwa da Ingila saboda tsoron Jamus, sai Italiya ta juya ta kama hannun Jamus ɗin. Mu a Gure ba mu ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da muka gani shi ne sojan raƙumi suna wucewa arewa, an fara karɓar raƙuman makiyayan Alakos don dakon kayan soja, ayarin da ya saba kawo kayan Fazzan ya daina zuwa.

Wata safiya wayar talgiram ta shigo biro. Ni na kwafe ta a babban littafi. Ta ce duk takardun wucewar da aka bayar bara an soke su, duk wanda ya fito daga Fazzan a mai da shi inda ya fito, don ba a san wa ya aiko shi ba. Na rubuta, na busar da tawada, na ajiye littafin a wurinsa. Na tambayi Kumandan ko akwai abin yi game da surukina. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba shi ya rubuta ba, daga sama ta zo. Gaskiya ya faɗa.

Ban gaya wa Zara ba. Ta haihu, mace, aka sa mata Fatsuma. Kullum in na taso daga aiki nakan biya gidanta, ta zuba mini tuwo, ta ce, “Isufu, ba wani labari a barikinku?” In ce babu. In cinye tuwon. Fiye da shekara ina haka. Mutane na tsammanin irin wannan abu yana hana mutum ci da barci. Ni bai hana ni ba. Na ci, na yi barci, na je aiki. Kamar dai ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka san taka ce amma ba ka jin ta.

Labarin ya zo ranar kasuwa da hantsi. Wani Batube, jagoran hanya, ya yi ta tambaya har aka kawo shi ƙofarmu. Ya ƙi zama a tabarma, ya tsuguna a ƙasa. Ya ce Salah ya ɗauko tsohuwar, sun iso barikin soja na kan iyaka, ya nuna takarda, aka ce takardar ta mutu, aka mai da su. Ya jira wata da watanni ko za a sake magana. A can Fazzan kuma an fara kallonsa a matsayin mutumin Faransa. Sai ya nemi wannan jagoran ya kewaya da su ta hanyar da ba soja. Rijiyar da suka dogara da ita suka tarar ta rufta, don tun da aka hana wucewa ba mai yashe ta. Tsohuwar ta riga rasuwa. Salah ya haƙa mata rami da hannu, washegari shi ma ya kasa tashi. Jagoran ya rufe shi, ya kai ruwa da kyar a kan raƙumi ɗayan da ya rage.

Zara ta saurara har ƙarshe, Fatsuma na goye. Ta ce, “Ka sha ruwa?” Ta shiga ta kawo masa. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ni ma ban yi ba.

Shekara biyu bayan haka aka fara babban yaƙin Turai. Yanzu Faransa da Ingila ne ƙawaye na ƙut da ƙut, Italiya kuma ita ce abin tsoro daga arewa. An canza Kumandan. Sabon ya kira ni, ya buɗe tsohon littafi, ya ce ana neman mutanen da suka san hanyar Fazzan da rijiyoyinta, za a ba su kaki da bindiga. Ya fara karanto sunaye. Na uku shi ne Salah.

Na ce, “Ya rasu, Kumandan.”

“Ciwo?”

“Ƙishirwa.”

Ya ja layi a kan sunan, ya ce kash, ya karanto na huɗu.

Nakan tambayi kaina me Salah zai ce da ya ga yau. Samarin Gure da na Kelle suna hawa kamyo, manyan motocin kaya, su tafi Libiya neman aiki, hanyar da ta ci shi suna keta ta cikin ƴan kwanaki. Ina jin zai yi murna da wannan. Amma da ya zauna gefena ya ji rediyo, na san tambayar da zai yi, don manyan da ke ƙulla ƙawancen yanzu sun fi na da nisa da mu, makamansu sun fi yawa, kuma hamadar nan har yau tana cikin abin da suke aunawa. Duk sanda biyu suka rungumi juna, akwai ta ukun da suke harara. Ranar da lissafinsu ya juya, ba su ke kan hanya ba. Ba na cewa kada ƙasashe su yi ƙawance, wataƙila wani yaƙin ƙawance ne ya hana shi. Abin da na sani kawai, ba a aiko wa mai tafiya cewa an fasa.

Zara ba ta sake aure ba. Sai da ta kwanta ciwon ajali, shekara tara da suka wuce, na gaya mata zancen wayar. Na zaci za ta juya mini baya. Ta ce, “Matar gardi mai tsaron biro ta gaya mini tun satin da wayar ta zo. Ina tambayarka ne ko za ka faɗa.” Sannan ta ce, “Gyara mini matashin nan.” Na gyara. Ba mu ƙara tayar da zancen ba.

Me ya rage na Salah? Fatsuma na aure a Gamu, tana da jikoki, ba ta taɓa ganinsa ba. Ba hoto. Kwarin da ya yi aiki rairayi ya cinye rabinsa. Waɗanda suka san muryarsa a garin nan ba mu fi uku ba, ɗaya ya kurumce. Ni kaina in na rufe ido ina ganin tsayinsa da rawaninsa, fuskar ce ba ta zuwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an raba furar, na roƙi limamin unguwarmu, wanda aka haifa bayan duk wannan, ya sa shi a addu'a. Ya ɗaga hannu, sannan ya waiwayo.

“Baba Isufu, Salah ɗan wa?”

Na san sunan. An faɗe shi a gabana ranar ɗaurin aure, na rubuta shi da hannuna a takarda. Na buɗe baki, babu. Jama'a na jira, hannuwa a sama.

Liman ya ce, “Ba komai, Baba. Allah ya san wanda ake nufi.”

Aka shafa, kowa ya nemi takalminsa.