Bari In Kai Ƙarshen Layi

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta dubana ido cikin ido, ba ta yabona, ba ta tambayata ko na ƙoshi. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta tarar ana yi, sai dai ita ta fi sauran mata riƙe ta da ƙarfi. Ana yaye ni Gwaggo, yayar mahaifina, ta goya ni zuwa Ƙaraye, can na girma, can na yi makaranta. Iyayena suna Rogo, inda Baba yake aikin rubutu a ofishin hakimi, da damina kuma ya noma gyaɗa da dawa. Duk waɗanda aka haifa bayana maza ne.

Da na kai shekara goma sha biyu sai Baba ya ce a riƙa turo ni gida duk ƙarshen mako, kada in tashi ban san ɗakin uwata ba. Asabar da sassafe Gwaggo za ta raka ni tasha ta saka ni a akori-kura, a matse ni tsakanin buhuna da kaji, in sauka Rogo ƙafata ta yi tsami. Lahadi da la'asar in koma. Haka muka yi shekara biyar, a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin.

Duk Asabar ɗin duniya abinci ɗaya nake tararwa a gidanmu, dambun tsakin masara da zogale. Tun daga zaure ƙamshin yake tarbata. Inna ba ta kai masararta inji, cewa take injin yana ƙona mata rai. A dutsen niƙa take ɓarzawa, ta tankaɗe garin gefe, ta bar tsakin. Zogalen daga bishiyar bayan ɗakinta take tsinkowa da safe. Madambacinta na ƙasa ne, baƙi ƙirin, bakinsa ya ɗan ɓantare, na mahaifiyarta ne da aka kawo ta da shi daga Rogo Ruma. Za ta ɗora shi kan tukunya, ta naɗe mahaɗar da tsumma da ta shafa wa kuka don kada tururi ya tsere. In turarin farko ya yi sai ta juye a ƙwarya, ta tsoma yatsu a ruwa ta yayyafa, ta murza, ta sake yayyafawa, ta zuba zogale da albasa, ta mayar. In ta sauke, ga man gyaɗa, ga dakakken ƙuli-ƙuli da yaji. Dambun yakan fito wara-wara, ko ƙwaya biyu ba sa manne wa juna, amma kuma ba ya shaƙe mutum. Sai ta zuba wa Baba a babbar langa, ta rufe da wani tsohon faifai da gefensa ya fara zarewa. Ragowar kuma ranar Lahadi a ɗaure mini a kwano, a ce wa iska, "A kai wa Yaya."

To ni a lokacin wani abu ne ya ɗauke mini hankali. Matar wani malami maƙwabciyar Gwaggo, 'yar birni, ta koya mini saƙar kwarashi. Kai, na kamu. Na fara da hular jarirai, na koma safa, har tsohuwar suwaitar Gwaggo na warware don in samu ulu, na sha faɗa kuwa. Ko'ina na je da ƙunshin uluna da kwarashina a jaka. Ganin tsohon faifan nan na Inna kullum yana ba ni haushi, ina ganinsa ƙauyanci. Sai na ƙudura a raina zan saƙa mata marufin langa irin wanda na gani a ɗakin matar malamin, zagayayye, ja da fari, da geza a baki. Gaskiyar magana ba faifan ne damuwata ba. So nake in ajiye mata abin da dole ta buɗe baki ta ce na iya.

Saboda haka da na iso, na gaishe ta ta amsa tana kallon murhu, sai in shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, taku biyar daga inda take, in zaro saƙata. Ita kuma in ta juye tsaki a ƙwarya sai ta fara maganarta, ba da ni ba, da kaji ko da garu.

"Da za a samu mai riƙe mini ƙwaryar nan," in ji ta.

Ko kuma ta ce, "Mutum dai ya zo ya ga yadda ake yayyafi. Yau da gobe sai Allah."

Ni kuwa da baƙin taurin kaina sai raina ya ɓaci. Wane ne mutum? Ni ba ni da suna ne? Ƙannena tana ƙwala musu kira har maƙwabta su ji, ni ce aka mayar "mutum". Sai in rama da irin harshenta, in dubi uluna in ce, "Bari mutum ya kai ƙarshen layi." Wanda ya san saƙar zagaye ya san ƙaryar da ke cikin wannan magana, domin kana rufe layi ɗaya kwarashi ya riga ya shiga na gaba. Kafin in ɗago kai ta mayar da tsakin ta rufe.

Na kai ƙararta wurin Gwaggo ba sau ɗaya ba. Gwaggo ta ce, "Ke dai akwai shegen baki. Uwarki ba ƙin ki take ba, kunya ce. Ke kaɗai gare ta mace, wa kike so ta bar wa hannunta, waɗannan ƙattin?" Na ce kunyar da ta hana ta magana ai ni ma ta hana ni ji. Gwaggo ta jefo mini mafici, ta ce Allah ya shirye ni. Kuma a raina ina cewa dambu har wani karatu ne? Abin da nake gani duk mako, ai ido ba mudu ba amma ya san kima.

Asabar ɗin da ba na mantawa ta zo ne da kaka, an gama cirar gyaɗa, harawa jibge a kan rumfa. Inna ta kwana biyu tana fama da ciwon kai, ta ɗaure goshi da ɗankwali, a zaune take aikin kan kujera 'yar tsugunne. Baba ya fita, yaran sun tafi gona, daga ni sai ita a gidan. Marufin ya kusa kammala, layi uku ya rage sai geza. Ta juye tsakin a ƙwarya, tururi yana tashi. Sai na ji shiru, babu maganar kaji, babu ta garu. Na ɗaga kai, na ga ni take kallo, cikin idona.

Ta ce, "Ke. Taso ki sa hannunki a nan ki ji."

Tunda nake ba ta taɓa fuskantata ta ce mini "ke" ba. Wallahi daɗi na ji, daɗin da ya kusa sa ni kuka. Amma ku ji halin ɗan Adam, wanda aka bai wa hannu sai ya nemi kafaɗa. Na ce a raina tunda yau ta iya cewa "ke", in na ɗan ja mata rai za ta ƙarasa, ta kira sunan. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, bari in kai ƙarshen layi."

Ta jira ni. Ina kallonta ta wutsiyar ido, hannunta ɗaya a cikin ƙwaryar, ɗayan a bakin kwanon ruwa. Ni kuma ina ta jan ulu a hankali, kunnena a buɗe ina sauraron sunana. Tsaki ba ya jiran kowa, in ya huce ya lalace. Da ta ga zai huce sai ta tsoma yatsunta ta yayyafa, ta murza, ta mayar. Lokacin da na ajiye kwarashi na taso, tana naɗe tsumma. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa madambacin, "Allah ya kai mu wani satin."

Wani satin ban je ba. Uluna mai launin ja ya ƙare, sai ranar Juma'a na samu, na ce wa Gwaggo ba zan taka Rogo ba sai da marufin a kammale. Na zauna Asabar da Lahadi ina ɗaura geza, na wanke shi, na shanya, na ninke cikin takarda. Ranar Laraba da hantsi ina makaranta aka aiko in zo gida. Na tarar da Gwaggo ta yafa mayafi tana jirana a ƙofa. Inna ta faɗi a bakin rijiya da safe, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Ba zan ba da labarin zaman makoki ba, kowa ya san shi. Bayan an yi sadakar arba'in mutane sun watse, Gwaggo ta ce in ƙara kwanaki a Rogo in kula da Baba. Da Asabar ta zagayo na ga gidan shiru, murhun Inna babu wuta, sai na ce yau Baba zai ci dambunsa kamar yadda ya saba. Na ɗauko madambacin. Na ɓarza masara har tafin hannuna ya yi kanta. Na naɗe tsumma, tururi ya dinga fita ta ko'ina. Na juye a ƙwarya, na tsoma yatsu a ruwa, sai na tsaya. Sau nawa take yayyafawa? Yaya tsakin yake a hannu in ya sha ya isa? Idona ya ga hannunta sau ɗari biyu ko fiye, amma abin da hannun yake ji, wannan ba a ganinsa daga kan tabarma. Shi ne abin da ta kira ni in taɓa. Na yayyafa yadda na ga dama, dambun ya fito gefe ya caɓe ya dunƙule, gefe kuma tsakin yana garas-garas.

Daga baya na bi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta nuna mini nata. Yau 'ya'yana suna yabon dambuna, ina jin su kawai, don ba su ci nata ba.

Ranar dai haka na zuba dambun a babbar langa, na zaro marufin daga takarda na rufa, na kai wa Baba rumfa na durƙusa. Ya daɗe yana kallon saƙar. Ya shafa gezar da yatsa, ya ɗage, ya yi bismilla, ya ci loma uku a hankali.

Ya ce, "Saƙar ta yi kyau. Allah ya yi miki albarka."

Sai hawaye ya ɓalle mini. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na san kai da dambun Asabar, ga shi na ɓata maka."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ni? Ai ni mutumin tuwo ne, dambu bai taɓa damuna ba. Ranar da Yaya ta zo ɗaukarki, dambu kike ci a cinyar uwarki, da shi a hannunki aka goya ki. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗora madambacin nan ba sai da kika fara zuwa. Duk Asabar ɗin da ba ki zo ba, tuwo muke ci a gidan nan." Ya ƙara da cewa, "Ban da ta ƙarshen nan. Ranar ta turara dambun, ta ce ƙila motar ce ta makara."

Ya mayar da marufin kan langar, ya daidaita shi da hannu biyu. Na ɗauka na koma ciki, na ɗora masa ruwan tuwo.