Shekarar da Ƙanwata Ta Daina Ji

A Abakpa muka tashi, ni da ƙannena biyu, a wani gidan haya mai zaure ɗaya da tsakar gida mai faɗi. Mai gidan Bakano ne, musulmi, yana sayar da yadi a kasuwa. Mu kuwa Kiristoci ne daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Aiki ne ya kawo Baba Kaduna a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, domin kafinta ne a ma'aikatar gine-ginen gwamnati. Ɗakunan da ke kusa da rijiya su ne namu. Matar mai gidan, wadda duk yaran gidan muke kira Goggo, ɗakinta na kallon namu. Igiyar shanya ɗaya muke amfani da ita, turmi ma ɗaya.

Kowace safiya kafin Baba ya hau kekensa, sai ya tara mu a kan tabarma, ya karanta mana Littafi Mai Tsarki, ya yi addu'a. Addu'arsa doguwa ce, kuma yawancinta godiya ce. Yakan gode wa Allah don barci, don ruwan rijiya, don hannuwansa da ba su taɓa gamuwa da haƙorin zarto ba. Autarmu, wadda ba ta fi shekara shida ba a lokacin, takan ce amin tun bai kai ƙarshe ba, saboda kokonta yana hucewa. Yarinya ce mai surutu. In ta fita ƙofar gida ta dawo, sai kowa ya ji abin da mai kanwa ta ce da abin da mai itace ya amsa mata.

A bazarar wata shekara sanƙarau ya shigo gari. Zafi ya yi tsanani, kuma kusan kowace unguwa akwai gidan da ake zaman makoki. Jikan mai gidanmu, yaro sa'an autarmu kuma abokin wasanta, shi ya fara kwanciya a gidan. Bai daɗe ba ya rasu. A majami'armu ma an yi ta rasa yara, kuma da yake Baba ne kafintan ikilisiya, in ya taso daga aiki sai ya tarar ana jiransa ya haɗa akwatin gawa. A bayan ɗakinmu yake wannan aikin. Ya daina yin waƙa a lokacin da yake fiƙe katako, kuma ya hana mu zuwa wurin.

Wata safiya auta ta ƙi tashi addu'a. Ta ce kanta na sarawa, hasken ƙofa ma ba ta so. Mama ta sa hannu a ƙeyarta don ta ɗago ta, sai ta ji wuyan ya sandare. Baba ya ajiye littafin, ya goya ta da zanen Mama kamar mace, ya fita da ita. Mama ta bi su ba ko ɗankwali. Daga asibiti aka tura su wasu rumfunan zana da aka kafa a bayan gari don masu wannan ciwon. Mama ta zauna can tare da ita. Mu ba a bari mu je.

Goggo ce ta riƙe mu ni da ƙanena, ita da ba ta gama share hawayen jikanta ba. Ita ke dafa mana tuwo, ita ke tura mu makaranta. Matan zumunta na majami'armu sukan zo da la'asar su durƙusa a ɗakinmu su yi addu'a. In Goggo ta ga sun shigo, sai ta kori yara daga tsakar gida don kada a dame su. Ita ma in ta idar da sallarta nakan ji tana ambaton autarmu. Addu'ar Baba kuwa ta gajarce sosai a kwanakin nan. Abu ɗaya yake maimaitawa: “Ya Ubangiji, ka bar mini ita. Ka bar mini ita kawai.”

Allah kuwa ya bar mana ita. Ranar da suka dawo, ta rame har sai da na yi jim kafin na rungume ta, amma da ƙafarta ta shigo zaure. Goggo ta yi mata farfesun kaza. Baba ya zagaya maƙwabta yana sanar da su, fuskarsa kamar ta ango.

Mun ɗauka rashin ƙarfi ne ya sa ba ta amsa kira. Bayan 'yan kwanaki ina wanke-wanke a bakin rijiya, babbar tasar Mama ta suɓuce mini ta faɗi a kan dutse. Kajin Goggo suka watse, ƙanena ya zabura. Auta tana zaune ta ba ni baya, tana wasa da ƙwallon mangwaro, ko motsi ba ta yi ba. Mama tana kallo daga bakin murhu. Ta taso a hankali, ta tsaya a bayanta, ta tafa hannu da ƙarfi. Yarinyar ba ta waiwayo ba.

Likita ya duba ta, ya ce ciwon ya tafi da jinta, kuma ba su da abin da za su yi. Maganarta tana nan, sai dai takan ɗaga murya fiye da kima. Da ta ga yaran unguwa na yi mata dariya, sai ta riƙa rage magana, har ta kai tana wuni ba ta ce uffan ba.

Baba bai daina tara mu da safe ba. Yakan yi karatu, amma in ya rufe littafin sai ya ce wa Mama ta yi addu'a. Mun lura, ba mu dai tambaya ba.

Da damina ta yi nisa, Mama ta tayar da maganar godiya. A majami'armu akwai ranar Lahadi ta musamman bayan girbi, da kowane gida ke fitowa gaba da abin da ya kawo, ya faɗi abin da Allah ya yi masa a shekarar. Ina tsince shinkafa a kusa da su na ji ta ce, “Baban yara, bana ya kamata mu fita gaba da yarinyar nan.”

Ya ci gaba da goge kekensa. Can ya ce, “Mu fita mu ce me? Na roƙa, an ba ni rabi.”

“Ni dai abin da yara suka gaya mini kana roƙo, shi aka ba ka. Ka ce a bar maka ita.”

“Kin san abin da nake nufi.”

“Na sani,” in ji Mama. “Amma ni na zauna a rumfar nan. Na ga waɗanda aka fitar a naɗe cikin tabarma daga damana da haguna. Ni ma ina so ta ji muryata, kuma ban daina roƙo ba. Sai dai ba zan iya kallon ta tana cin tuwo in ce ba a yi mini komai ba.”

Baba ya jingine keken a jikin bango. Ba mutum ne mai faɗa ba, kuma ban taɓa jin ya yi saɓo ba. Zuciyarsa ce ta yi nauyi, shi kuma ba ya iya faɗin abin da bai kai zuci ba, ko a gaban mutane ko a gaban Allah.

A wannan tsakanin auta ta koma 'yar ɗakin Goggo. Tsohuwar takan zaunar da ita a gabanta, ta kama haɓarta don ta kalli bakinta, ta ce “ruwa” a hankali tana nuna randa, ta sa ta maimaita. In muryar ta yi sama da yawa, sai Goggo ta sauke tafin hannunta ƙasa. In ta yi daidai, ta ba ta ƙuli-ƙuli. Su biyu suka ƙirƙiro alamunsu, mu kuma muka koya daga wurinsu. Shafa gemu na nufin mai gida, murza hannu kamar mai riƙe da kan keke na nufin Baba, ni kuwa alamata ita ce ɗaure fuska, wai don na cika tsawa.

Wata ranar Asabar Baba yana gyara wa mai gida ƙyauren zaure, ni kuma na kai musu ruwa. Mai gidan yana zaune a kan buzunsa yana kallon auta da ke bin Goggo da tsintsiya. Ya ce wa Baba, “Malam, na ga tun da yarinyar nan ta dawo ba ka sake ba.”

Baba ya ce, “Alhaji, abin ne da ciwo.”

“Da ciwo kam. Ban ce babu ba.” Ya gyara zama a kan buzun. “Ni dai da za a dawo mini da nawa, ko ba ya ji ko ba ya gani, in dai zan ɗora shi a cinyata, da na yanka rago na tara unguwa.”

Ba da gori ya faɗa ba, ƙasa ma yake kallo. Baba ya tsaya da guduma a hannu, sannan ya ce, “Allah ya ji ƙansa.” Mai gida ya ce amin. Suka ci gaba da maganar ƙyaure.

Da ranar godiya ta matso, matan zumunta suka fara zuwa gidanmu koyon waƙa, domin tsakar gidanmu ta fi ta kowa faɗi, kuma Goggo ta ce ba damuwa in dai za a tsaya lokacin salla. Kayan kiɗansu caki ne da tulu. Tulun na yumɓu ne mai ƙofa a gefe, ana bugun bakinsa da wani faifan fata, yana fitar da murya mai zurfi da kake jin ta har cikin ƙirjinka. Auta ta daɗe tana leƙensu daga bayan Goggo. Sai ta matso kusa da matar da ke bugawa, ta ɗora tafin hannunta a cikin tulun. Ta janye da sauri. Ta sake ɗorawa. Daga nan ta rungume shi gaba ɗaya, ta manna kumatunta a jikinsa, ta fashe da dariya, irin dariyarta ta dā mai ƙarfi wadda rabonmu da ji tun kafin bazara.

“Mama, yana magana!” in ji ta.

Matar ta ci gaba da bugawa, hawaye na zubo mata. Auta ta fara buga ƙafa daidai da kiɗan, ba ta kuskure ko sau ɗaya. A daidai lokacin Baba ya turo kekensa daga zaure. Ya tsaya a nan riƙe da keken har aka gama waƙar, sannan ya jingine shi ya shiga ɗaki.

Washegari da safe, da ya rufe littafin, bai dubi Mama ba. Ya jawo auta ya zaunar da ita a gabansa, gwiwa da gwiwa, ya kama haɓarta yadda Goggo ke yi. Ya ce mana kada kowa ya rufe ido. Ya yi addu'a a hankali, yana buɗe baki sosai don ta gani. Ya gode wa Allah don ranta, don idanunta, don dariyar jiya, don Goggo da mijinta. A ƙarshe ya ce, “Kunnuwan nan kuma, ya Uba, har yanzu ina roƙo. In ka ga dama ka buɗe su. In ba ka buɗe ba, na gode da abin da ke hannuna.”

Sauran makonnin ya yi su ne a bayan ɗaki yana haɗa wani dogon benci na maɗaci. Ya sa masa ƙafafu gajeru, irin zaman da masu bugun tulu ke so. Ranar godiya mutane suka fito da dawa da doya da kaji, mu kuwa ba mu da gona. Baba ya ɗauko bencin a ka, Mama na biye da shi riƙe da hannun auta, ni da ƙanena a baya, muka taka har gaban majami'a. Da fasto ya ba shi dama, maganarsa ba ta yi tsawo ba. Ya ce bana ya haɗa akwatuna da yawa don 'ya'yan mutanen da ke zaune a wurin, kuma ya san da zafin da suke ciki suka zo. Ya ce ya daɗe yana kallon abin da aka ɗauke masa har ya kasa ganin abin da aka bar masa, sai da maƙwabcinsa da ya rasa nasa ya nuna masa. Ya nemi a ci gaba da taya shi addu'a. Matan zumunta suka zauna a sabon bencin, suka sa auta a tsakiyarsu, hannunta a kan tulu. Da muka koma gida Mama ta kai wa Goggo kwanon shinkafa da naman kaza, ta zauna ta ba ta labarin duk abin da aka yi.

Kunnuwan ƙanwata ba su buɗe ba. Daga baya na hagun ya ɗan riƙa kama abu mai ƙarfi, kamar tsawa ko jiniyar jirgin ƙasa, iyakarsa ke nan. Baba bai daina roƙo a kansu ba har ya tsufa ya koma ga Ubangiji, kuma ban sake jin ɗaci a roƙon ba. Ita kuwa ta riƙe maganarta, ta koyi karatu a wurin Mama, ta koyi kitso a wurin Goggo har ta fi ta. Matan ma'aikata daga Badarawa da sauran unguwanni sukan zo layi a ƙofar ɗakinta. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya masu surutu irin nata, kuma ita ta riƙe tulun zumunta shekaru masu yawa.

Har yau a zuriyarmu ido buɗe muke addu'a, muna kallon fuskar mai yi. Baƙi kan yi mamaki in sun ci abinci tare da mu. Jikokina ma sun taɓa tambayata ko haka aka rubuta a yi. Na ce musu a'a, a gidanmu ne kawai, don kowa ya samu shiga cikin godiyar. Sannan na zaunar da su na ba su wannan labarin.