Sidi Gishiri, Mai Ɗanɗana Teku

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin bahar tare da kakanmu ya san abin da yake fara yi. Mota na tsayawa, tun kafin a sauke tabarma, zai naɗe ƙafar wandonsa, ya cire takalmi ya riƙe a hannun hagu, ya nufi ruwa da ɗan ɗingishin nan nasa kamar wanda aka ce ya je ya karɓi saƙo. Sai ya durƙusa, ya tsoma yatsa ɗaya, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. Mu kuwa mu yi cirko-cirko da kuloli a hannu muna jiran hukunci. Can sai ya buɗe ido, ya girgiza kai.

"Ba shi ba ne."

Shi ke nan fa! Daga nan ya ɗauko gorar ruwan roba ya cika ta da ruwan tekun, ya rubuta sunan wurin a jikinta da ajami, ya rungume ta zuwa gida. Mu jikoki Sidi muke ce masa, yadda ake kiran kaka a nan Jidda. Mutanen unguwarmu, Bani Malik, su suka ƙara masa da Gishiri, kuma bai taɓa jin haushi ba. Idan aka kira, amsawa yake yi da "Na'am, wane iri?"

Kun tuna kantar nan ta ɗakinsa? Goruna ne jere, sun fi ƙarfin kantar har ta lanƙwashe a tsakiya. Ubhur, Yanbu, Kurnish ta arewa, Kurnish ta kudu, da wata guda da ya ɗebo a tashar jiragen ruwa ranar da ya bar aiki bayan ya tsufa yana dako a wurin. Ba wanda ya isa ya taɓa su sai Ummata, ita ma don sharar ƙura kawai. Umma ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. Uwani yake ce mata, kuma duk duniya ita kaɗai yake shakka. Ba laifinsa ba ne. Ku da kuka san Umma kun san fuskarta kullum kamar ta jami'i mai duba iƙama, takardar izinin zama. Mace ce mai kirki, amma dariya a wurinta kamar kayan ajiya ce, ba a fito da ita.

To, duk shekara idan aka ba da ijaza, yara suka huta makaranta, sai a yi zaman zaɓen bakin tekun da za a je. Wayyo, wannan zama! A falo ake yi bayan la'asar, kowa da wayarsa da hotonsa. Kawu Hamza, ƙanen Umma, shi ne mai mota, don haka shi ke buɗe taro. Abuya yake ce wa Sidi, wato Baba.

"Abuya, bana Ubhur za mu. Akwai wuri mai kyau, da rumfa, da banɗaki, da mai gadi a ƙofa."

"Da ƙofa?" in ji Sidi. "Teku da ƙofa? Hamza, ruwan da aka yi wa katanga aka sa masa makulli ba teku ba ne, bahon wanka ne."

"To Kurnish, ga ta nan gaɓar cikin gari."

"In tafi hutu inda nake jiyo hon ɗin motar maƙwabcina?"

Kawu Hamza ya ja dogon numfashi, ya matso da waya. "Dubi nan. Umluj ke nan. Dubi yashi fari fat, dubi ruwa garai-garai, har kifi kana gani. Wallahi ko a mafarki ba ka taɓa ganin irinsa ba."

Sidi ya gyara tabarau, ya ƙura wa hoton ido, ya juya wayar sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Kawo in lasa."

Kawu ya fizge wayarsa ya cusa a aljihu. "Ya salam! Abuya, waya ce fa!"

"To ka gani. Kana nuna mini abin da ba shi da ɗanɗano kana cewa in zaɓa."

A ƙarshe Umma ce ke ɗaga kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Baba, Yanbu za a je." Shi kuma ya ce, "Yadda kika ce, Uwani," kamar ba shi ne ya hana mutane shan iska tun ɗazu ba.

Tafiyar Yanbu kuwa ba za ta mantu ba. Tun da asuba muka kama hanya, mutum tara a motar Kawu, da tukunyar dafa-duka a kan cinyata tana ƙona ni. Sai wajen hantsi muka isa. Sidi ya sauka, ya naɗe wando, ya tsoma yatsa, ya lasa.

"Ba shi ba ne. Yalla, mu koma."

Ya juyo ya shige mota ya ja ƙofa! Kawu Hamza yana tsaye da laima a kafaɗa, bakinsa a buɗe.

"Abuya, ko tabarma ba mu shimfiɗa ba!"

"Madalla, kun huta da naɗewa."

Sai da Umma ta je ta tsaya a jikin tagar motar, ta zuba masa ido. Ya buɗe ƙofa ya fito da kansa yana cewa ai dama zafi ya yi yawa a ciki.

Bayan mun dawo ne Kawu ya rantse sai ya kama shi. Ya samo gora biyu, ya je Kurnish ya cika su a wuri guda, lokaci guda. Ɗaya ya rubuta mata Umluj, ɗaya ya rubuta Jizan, ya kawo wai abokansa direbobi ne suka yo masa tsaraba. Sidi ya zauna ya gyara hula. Ya lasa ta farko, ya ajiye. Ya lasa ta biyu, ya ɗaga gira.

"Duka ba shi ba ne. Amma na Jizan ya fi kusa."

Kawu ya daka tsalle yana tafi. "Halas! Na kama ka! Wallahi ruwa ɗaya ne, da hannuna na ɗebo, daga Kurnish!"

Ko gezau Sidi bai yi ba. Ya ɗaga gorar ya duba ta a hasken taga. "Shi ya sa," ya ce. "Ashe a hanya ɗayan ya gyaru."

Ni kuwa a lokacin ina da nawa bayanin, kuma na yi imani da shi ɗari bisa ɗari. Kun san da littattafan soyayya na koyi karatun Hausa, waɗanda 'yan kasuwa ke kawo mana daga Kano a cuse cikin buhun kuka da daddawa. Har yau idan na ji ƙamshin daddawa sai zuciyata ta ɗan buga. To yarinyar da ta tashi a haka, ta ga tsoho yana bin gaɓar teku yana lumshe ido, me za ta ce? Ai masoyiya ce! Na tsara labarin tsaf. Wata kyakkyawa ce ta tsaya a bakin ruwa tana kuka ranar da za su rabu, hawayenta ya zuba a teku, shi ne yake neman ɗanɗanonsa har yau. Na sha kuka a kan wannan labari, ni da na ƙirƙire shi.

Wata rana na kai masa shayi na zauna kusa da shi. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Sidi, tsakaninka da Allah, mace ce ko?"

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Mace ce."

Na dafe ƙirji. "Na sani! Kyakkyawa ce?"

"Tana da wushirya."

"Wayyo Allah! Ta so ka?"

"Fiye da ke, amarya. Ita ba ta taɓa kawo mini shayi ba sukari ba."

Na duba, ashe na manta. Daga nan ya rufe bakinsa, duk nacin da na yi bai ƙara ko kalma ba.

Bara ne likita ya ce zuciyarsa ta gaji. Ba a faɗa masa dalla-dalla ba, amma mutumin da ke gane ruwan da ya gyaru a hanya ai ba a ɓoye masa irin wannan. Da aka zauna zaman ijaza, ba mai fito da waya. Kowa ya san wannan tafiya ba lalle a sake irinta da shi ba. Sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Bana amarya ce za ta zaɓa."

Innalillahi! Kwana uku ina juya abin a raina. Idan na zaɓi wurin da ba shi ba, shi ke nan, tsohon nan zai tafi bai taɓa cewa "shi ne" ba, kuma ni ce sila. Na rasa abin kamawa, sai na koma ga abin da na sani. Na ji an ce a Shu'aiba, kudu da Jidda, akwai wani tsohon jirgi da ya kife kusa da gaɓa, ya yi tsatsa, igiyar ruwa na dukansa. Na ce ai kuwa nan ne! Ina masoya za su rabu idan ba gaban jirgin da ya kife ba?

Muka je. Wannan karon Umma ce ta naɗe masa wandon, ni da Kawu muka riƙe shi zuwa bakin ruwa. Ya durƙusa da ƙyar. Ya tsoma yatsa, ya lasa, ya lumshe ido. Ya daɗe fiye da kullum, har na fara addu'a a ɓoye.

"Ba shi ba ne."

A hankali ya faɗa, kamar mai ba ni haƙuri. Ya cika gorarsa, sai ya miƙo mini. "Rubuta mata suna, amarya." Na karɓa na ajiye cikin kayan shayi, na ce zan rubuta. Ban rubuta ba. Idona ya cika da ƙwalla, ga rana ta sunkuyo tana narkewa a kan ruwa kamar man shanu a tuwo mai zafi, ga jirgin can ya karkata shi kaɗai abin tausayi. Umma ta ce in ɗora shayi. Na kunna ɗan murhun gas, na jawo gora na tuttula a buta, idona na kan jirgi. Na zuba ganye, na sa na'ana'a, na tuna da gorin da ya yi mini na zabga sukari har cokali huɗu.

Kofin farko na Sidi ne. Kun san shi da shayi, ba ya kurɓa, kwankwaɗa yake yi. Ya yi bismilla ya kafa kai.

Jama'a! Idanunsa suka firfito. Kumatunsa suka kumbura. Hancinsa, bakinsa, goshinsa, duk suka tattaru wuri guda kamar bakin jaka da aka zuge. Sai ya feso shi gaba ɗaya a kan farar rigar Kawu Hamza, yana kakari yana share harshe da hannun riga.

"Amarya! Kashe ni za ki yi ki ci gado?"

Sai muka ji wani sauti da ba mu san shi ba. Muka waiwaya. Umma ce. Umma! Ta saki faranti, ta riƙe ciki, ta kife a kan tabarma tana dariya har da shiɗewa. Ta ɗago za ta yi magana, ta kalli fuskarsa, ta sake kifewa. Mayafinta ya zame, hawaye na bin kumatunta, bakinta a buɗe, ga wushiryarta a fili. Wallahi na kai shekara ashirin a duniya, na manta Ummata tana da wushirya.

Sidi ya daina kakari. Ya tsaya yana kallonta, kofin na hannunsa.

"Shi ne," ya ce.

Ba wanda ya motsa. Ya sake cewa, "Shi ne, Uwani. Shi ne."

A nan ya ba mu labarin, a taƙaice, yana kallon ruwa. Yana ɗan shekara biyar suka tsallako daga Sudan shi da mahaifiyarsa a ƙaramin jirgin katako. Shi ɗan bakin kogi ne, a garinsu idan ka ga ruwa sai ka durƙusa ka sha. A jirgin ta riƙe shi gam a cinya, ga ƙishirwa. Ana sauke su a wata gaɓa da bai san sunanta ba, ya ƙwace ya ruga ya kafa baki a teku ya yi wata irin kwankwaɗa. Da ya ɗago da fuska a tattare, sai matar nan da ta sha wahalar hanya ta zube a yashi tana dariya. Ba ta cika shekara ba bayan nan Allah ya karɓi abarsa. Fuskarta ta ɓace masa, muryarta ta ɓace, abin da ya rage masa shi ne gishiri a harshe da wannan dariya.

"Ina ta lasa da yatsa kamar mai tsoro," ya ce. "Ashe kwankwaɗa ake yi."

Kawu Hamza ya share ido da rigarsa mai shayi. Ni kuwa na ce, cikin kuka, "To Sidi, ai na faɗa maka mace ce."

"Kin faɗa, amarya. Yanzu tashi ki dafa na mutane."

Wata biyu bayan nan ya rasu, a ɗakinsa, Umma na riƙe da hannunsa. Gorunan mun mayar wa teku kayansa, sai guda ɗaya da Umma ta hana a taɓa, wadda saura rabi a cikinta. Ranar da na je sharar kantar na ga har yanzu ba ta da suna, na ɗauko alƙalaminsa na cika alkawari. Ban rubuta Shu'aiba ba. Na rubuta abin da ya ce.

Allah ka ji ƙan Sidi, ka yafe masa, ka haɗa shi da mai wushiryarsa. Ya gama da gishiri, ya Rabbi. Ka shayar da shi ruwan Alkausara, babban kofi, ya kwankwaɗa, ya buɗe ido ya ce shi ne. Amin.